Ranar da Na Kifar da Tuwo a Kasuwar Gazawa

Ku ƴaƴana, da ku jikokina masu zuwa lakol, wato makarantar boko, kun taso kuna jin labarin tuwon da ya kife a kasuwar Gazawa, kuma duk wanda ya ba ku shi cewa yake tsautsayi ne. Gwaggwanninku haka suke faɗa, ni ma haka na bar maganar shekara da shekaru. Yanzu tsufa ya zo, gwiwa ta fara ƙi, don haka bari in gyara zancen da hannuna tun ina iya riƙe alƙalami. Da gangan na yi. Na san tukunyar nan za ta faɗi tun kafin in ɗora ta a wuta, kuma ko yau aka mayar da ni wurin sai na sake.

Daga Cadakori aka kawo ni Gazawa, gidan maƙera. Mahaifinku Sanda maƙeri ne ɗan maƙeri, mutum mai hannu, mai kuma taurin kai irin wanda ba a faɗa masa a kan sana'arsa. Gidan mu uku ne manya: shi, da ni, da mahaifiyarsa da kowa ke kira Inna. Akwai ƙanensa Ila, amma a shekarar da nake ba ku labari ya yi shekara huɗu da tafiya Libiya neman aiki, ba wasiƙa, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi. Inna ba ta ambaton sunansa, sai dai duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ta daina abin da take yi ta saurara. Shekarar ta zo da wuya. Damina ba ta yi ba, manoma ba su sayen sabuwar hauya, kayan ƙarfe masu araha suna ta shigowa daga Najeriya, maƙera takan yini ba a taɓa zugazugi ba. Itace kuwa ya zama abin nema. Mukan fita da sassafe mu mata, mu yi tafiya mai nisa, mu dawo da hantsi da ɗan kara da kashin shanu, muna kuma waige kada ƴan gandun daji su gan mu kusa da itacen gawo.

Ana cikin haka sai ga mutanen wani furoje, wato shirin taimakon karkara, da farar mota. Suka tara maƙeran gari suka koya masu yin murhun ƙarfe daga tsofaffin tano, wato gangunan mai, a yanka, a nannaɗe, a buɗe masa ƙofa ta sa itace. Shugabansu wani dogo ne mai agogo a hannu, ba mu taɓa kiran shi da wani suna ba sai Mushe, wato malam da Faransanci. Ranar da mahaifinku ya shigo gida da murhunsa na farko, wallahi guɗa na yi! Abu sumul, baƙi, yana sheƙi, mai mariƙi har biyu. Muka sa ƴan sanduna uku kacal, kafin Inna ta gama alwala ruwa ya tafasa. Hayaƙin da ke sa mu hawaye kullum babu shi. Maƙwabta suka cika tsakar gida, wannan ta taɓa, waccan ta leƙa, ni kuwa ina ta kai da kawo kamar ni na ƙera. Mahaifinku yana tsaye a bakin zaure yana shafa gemu, na daɗe ban ga fuskarsa ta saki haka ba.

Washegari na ɗora tuwo, a nan murna ta koma ciki. Ku ƴan yanzu masu dafa taliya ba ku san tuƙin tuwon gero na gidan mutum goma ba. Idan talge ya nuna ka zuba gari, abin yakan yi tauri, sai ka kama muciya hannu biyu ka sa ƙarfinka duka, kana ja kana turawa. A kan duwatsu uku tukunya takan zauna daram, gindinta ya nutse tsakaninsu, ko jaki ya ja ba ta motsi. Wannan murhun kuwa dogo ne, mara nauyi, gindinsa ƙarami, tukunya kuma a samansa take ɗare. An auna shi ne da ƴar tukunyar da ma'aikata ke dafa shinkafa da ruwan shayi. Ina ja ɗaya ya karkata, ina ja biyu ya taho gaba ɗaya. Da ƙyar na tare tukunyar da gefen zane. Na waiga hagu da dama, babu wanda ya gani, sai na sauke ta a hankali na koma bayan zana inda duwatsuna suke na ƙarasa tuwona.

To ga inda laifinmu yake, mu matan Gazawa. Babu wadda ta faɗa. A wurinmu ba a duban maƙeri a ce masa aikinsa bai yi ba, balle a ce matarsa ce za ta faɗa. Mace ma ba ta taka cikin maƙera, iyakarta bakin ƙofa idan ta kawo fura. Waɗanda suka saya sai suka riƙa tura murhun ƙarƙashin rumbu, wata kaza ta yi ƙwai a nata, wata ta mayar da shi mazubin toka. Idan aka tambaye su sai su ce madalla, ya yi kyau, Allah Ya saka. Maganar dai tana yawo a bakin rijiya tsakaninmu, ciniki ya tsaya cak, mahaifinku ya tara murhu har rufin maƙera ya rasa dalili. Ni kuma kullum da yamma nakan ajiye nawa a tsakar gida da ruwan zafi a kai don ya gani, tuwon yana can bayan zana.

A cikin mutanen furojen akwai wata budurwa ƴar ƙasar Japan, ƴar ƙarama, mai gashi santsi da takalmin roba, tana yawo a kan ƙaramin babur. Ranar Lahadi ta iso garin, don haka muka sa mata suna Ladi, ta kuma karɓa da murna. Ta koyi Hausa, tana yin ta a hankali, kalma bayan kalma. Aikinta shi ne ta bi gida gida da littafi tana tambayar mata yadda suka ga murhun, kuma gida arba'in ta shiga, madalla arba'in ta rubuta. Wata rana ta shigo mana ba a lokacin da ta saba ba. Ta yi sallama, ban ji ba saboda tuƙi, ta bi hayaƙi har bayan zana, ta same ni zaune gaban duwatsu, hawaye na zuba, matar maƙerin da kansa. Na rasa inda zan sa fuskata. Ita kuwa sai ta tsuguna, ta ce in ba ta muciyar. Ta ja sau ɗaya, muciya ta ƙi motsi, ta ja da ƙarfi har ta zauna a ƙasa. Muka fashe da dariya mu biyu har Inna ta leƙo.

"Yaya, me ya sa ba ku faɗa mani ba?" in ji Ladi.

Na ce, "Kunya, Ladi. Wa za ya dubi maƙeri ya ce mashi aikinshi bai yi ba?"

"Mu ma muna da kunya. Ta fi taku yawa. Amma ba ma jin kunyar tukunya."

Sai ta buɗe jakarta ta fiddo wani hoto. Madafar mahaifiyarta ce a can ƙasarsu. Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba! Ɗaki fari tas, babu toka, babu baƙin hayaƙi a bango. Ta nuna mani wata farar tukunya mai igiya, ta ce da wutar kuran, wato lantarki, take aiki, a zuba shinkafa da ruwa a danna, idan ta nuna ta kashe kanta da kanta. Ta nuna firigo na sanyaya abinci mai tsawon mutum, da injin da ke wanke tufafi mace na zaune. Na riƙe baki, na ce lallai mazan ƙasarku suna da kai. Ladi ta girgiza kai. Ta ce kakarta ma da itace ta yi girki, tana tashi tun asuba tana hura wuta, hayaƙi ya ɓata mata ido kamar kowace tsohuwa a Gazawa. Ta ce da maza suka fara ƙera tukunyar kuran ɗin, shinkafa ƙonewa take a ƙasa ta zauna ɗanya a sama, suka yi ta fama abin ya ƙi. Sai matar ɗaya daga cikin masu ƙerawar ta karɓi aikin gwaji, ta yi ta dafa shinkafa safe da rana, cikin sanyi da cikin zafi, tana faɗa masu nan ya yi, nan bai yi ba, har abin ya daidaita. Ta ce a can yawanci mace ke riƙe da kuɗin cefanen gida, ita ke zaɓen abin da zai shiga madafarta, abin da bai yi mata ba kuwa ba ta saye, kuma takan faɗi dalili. Shi ya sa masu ƙera kaya ke aiko mutane har gida su zauna su ji ta bakin mata. Na daɗe ina kallon hoton nan, amma matar nan mai gwajin shinkafa ce ta tsaya mani a rai.

Kada ku ce ban gwada ta hanyar lalama ba. Da safe na kai wa mahaifinku koko, na tsuguna nesa kaɗan, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce murhun nan kamar yana ɗan rawa idan ana tuƙi. Ko kallona bai yi ba.

"Mushe ya auna shi da agogo, an rubuta a takarda. Ke da mi kika auna?"

A raina na ce da muciya, amma bakina bai iya ba. Sai ya ajiye ludayi ya faɗi abin da na daɗe ina tsoro.

"Ranar kasuwa za a yi nuni gaban jama'a, ke za ki dahwa shinkahwa a kai. In an saya, to. In ba a saya ba, ni na gaji da zaman kallon ƙarhe. In bi sawun Ila."

Kwana uku na yi ina juya maganar. Idan na dafa shinkafa za a yi tafi, mutum biyar su saya don kunya, su kai ƙarƙashin rumbu, bayan wata ɗaya mu koma inda muke, ya ɗauki jaka ya shiga hamada. Idan kuwa na tuƙa tuwo, zan kunyata shi a gaban garinsu, watakila ya tafi washegari, watakila kuma ya ji abin da aka ƙi faɗa masa. Ta kowane gefe ina iya rasa shi. Ina da ku uku a lokacin, ƙaraminku yana baya, kuma na ga yadda Inna ke sauraron motoci. Ban shawarci kowa ba, ko Ladi ban faɗa wa ba.

Ranar kasuwa ta zo, gari ya cika maƙil. Ga amalanken shanu daga ƙauyuka, ga ƴan Najeriya da kayansu, ga Fulani mata da ƙoren nono. Aka kafa rumfa kusa da masu hatsi, Mushe ya riƙe lasifika yana ta bayani, yana ɗaga agogonsa sama, mahaifinku ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya jera murhu goma sha biyu a layi. Ni kuma na iso da babbar tukunyar gidanmu a kai, da ƙwarya a rufe da faifai. Kowa ya ɗauka shinkafa ce a ciki. Ruwa ya tafasa nan da nan, Mushe ya faɗi mintocin, maza suka yi tafi. Sai na buɗe faifai na dama talge. Na ga idon Ladi ya buɗe, na ga ta laluba jaka ta fiddo littafinta. Matan da ke baya suka fara matsowa suna taɓa juna, don su sun san abin da ke tafe. Ina jin tsoro, amma wallahi wani irin daɗi nake ji. Talge ya nuna, na zuba gari, na gyara zama, na ce bismillahi, na kama muciya hannu biyu. Da na so, da na kira wata ta riƙe mani murhun. Ban kira ba. Na ja yadda nake ja a gida, ja na gaske. Na farko ya karkata, na biyu ya ɗaga ƙafa, na uku sai ga murhu can, tukunya can, tuwo ya malale a kan rairayi, wani ya zubo mani a ƙauri. Kafin in tashi awakin kasuwa sun iso.

Wurin ya yi tsit, har lasifikar ta yi shiru. Sai wata tsohuwar Bafulatana mai sayar da nono ta ƙyalƙyale da dariya ta buga cinya.

"Aradu haka nawa ya yi! Har miya ya zubar mani!"

Kamar jira ake. Mata suka ɓarke gaba ɗaya, kowa na son a ji nata.

"Gindin ya yi ƙanƙane, Mushe!"

"Tukunyata ba ta shiga, ta gidan mutum ashirin ce!"

"Ƙohwar iccen ta yi tsuku, kara ba ya shiga, mu kuwa da kara muke girki!"

"A yi mashi wurin taka ƙahwa mana!"

Matan da suka yi wata biyu suna cewa madalla, ga su suna ɗaga murya a tsakiyar kasuwa, suna nuni da hannu, suna gwada tsawo da faɗi. Ladi tana tsugune tana rubutu kamar hannunta zai cire, tana dariya tana cewa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ƙafata tana zafi amma ban ji ba, ji nake kamar in tashi in taka rawa. Sai na juya na ga mahaifinku. Yana tsaye cikin babbar rigarsa, mazan kasuwa na kallonsa, wasu na rufe baki. Ya sunkuya ya ɗauki murhun da ya faɗi, da zafinsa, da gefen riga, ya bi ta cikin mutane ya tafi gida. Nan take duk daɗin ya fita daga jikina.

Abin ya ci mani da yawa, kuma ina so ku sani. Mushe ya fusata, ya ce an ɓata masa nuni, ya cire sunan mahaifinku daga cikin maƙeransa, ya kwashe aikin ya mayar garin Agye. A bakin rijiya waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a kasuwa su ne suka fara cewa ƴar Cadakori ba ta da kunya. Kwana tara mahaifinku bai ci tuwona ba, bai amsa gaisuwata ba, a ɗakin Inna yake cin abinci. Ladi ta zo da littafinta ta tsaya a bakin maƙera tana karanta masa abin da mata suka faɗa, shi kuma ya ɗauki guduma ya yi ta dukan ƙarfen da ba ya bukatar duka har ta haƙura ta tafi tana share ido. Inna ce ke wanke mani ƙunar kullum, tana shafa magani da hannu mai taushi, amma sau ɗaya kawai ta yi mani magana.

"Kin zubar da hatsi a ƙasa, kin zubar da ɗana a kasuwa. Allah Ya sa kin san abin da kika yi, ɗiyar nan."

Na yi kuka sosai a kwanakin nan. Na ga ya ɗinke tsohuwar jakarsa, na ga ya kai ragonsa kasuwa, na ji ya yi magana da direban babbar motar da ke zuwa Maradi, daga can a nemi ta Agadas.

Ranar tafiya da hantsi jakar tana jingine a zaure. Ya shiga maƙera yana naɗe zugazugi yana rataye awartaki, ni ina tsaye a tsakar gida da goyo. Sai na ga Inna ta fito daga ɗakinta tana jan babbar tukunyarta ta biki, wadda sai mutum biyu ke ɗauka. Na zabura in taimaka, ta ɗaga mani hannu. Ta ja ta har bakin maƙera ta dire, tana haki.

"Sanda, kahin ka tahi ka gyara mani wanga abu naka. Ni ma ya kihe da ni, tun satin hwarko. Kana kasuwa, na kwashe tuwon na ba kaji, na share wurin."

Ya juyo a hankali. "Ke ma, Inna? Mi ya hana ki hwaɗi?"

"Ni na haihe ka, ina jin nauyinka. Na yi shiru, saura kaɗan shirun ya kai ka inda ya kai ɗan'uwanka. Ita wagga ba ta yi shiru ba."

Ya daɗe tsaye yana kallon tukunyar. Sannan ya zauna a kan kututturen da yake aiki, ya jawo murhun nan da ya lotse, ya juya shi sama da ƙasa.

"Ki ce ta shigo. Ta taho da muciyar."

Ranar na fara taka cikin maƙera, shekara goma sha ɗaya da aurena. Gawayi na ƙara a ƙarƙashin takalmina. Ya tura mani ƴar kujera, ya ɗora tukunyar Inna a kan murhun, ya ce in yi kamar ina tuƙi. Na kama muciya na ja, murhu ya taho, ya tare shi da gwiwa. Ya ce in sake. Na sake. Sai bakina ya buɗe, na shiga zuba kamar ba ni ba: a faɗaɗa gindi, a rage tsawo, tukunya ta nutse har wuya, a buɗe ƙofa don kara, a sa ƙarfe biyu masu ƙugiya su kama kunnuwan tukunya su sauko ƙasa in taka da ƙafa. Idonsa ya fara haske irin na ranar farko. Ya ciro igiya, ya durƙusa a gabana, maƙerin Gazawa guda, yana auna daga kunnen tukunya zuwa tafin ƙafata mai ƙuna, yana ƙulla alama.

Daga bakin titi muka ji motar tana ta oda. Wani maƙwabcinmu ya leƙo zaure da sauri.

"Sanda! Direba ya ce kai kaɗai ake jira, mota za ta tashi!"

Inna ta dafa bango. Mahaifinku bai ɗaga kai daga igiyar ba.

"Ta tashi," ya ce. Sannan ya taɓa idon sawuna da yatsa. "Ke kuma matso da ƙahwar nan kaɗan, ban gama aunawa ba."